Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu kula da ilimin yaranmu: don Allah ku buɗe ɗakin Madam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe Darakta mai kula da ilimi a gundumarmu nan Kumasi, da hedimastan sukul ɗinmu, da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, da asambiliman ɗinmu, sannan iyayenmu sarakuna da limamai na Zongo. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da haƙuri da jama'a, Allah ya ƙara girma.

Ni uwa ce, atamfa da mayafai nake sayarwa a Kejetia, ban yi dogon boko ba. Ranar adu'ar arba'in ɗin Madam, tichar da ke gyara wa yaranmu magana a sukul ɗinmu, bayan an naɗe kanofi an kwashe kujeru, muka zauna mu iyaye a tsakar gidansu, a nan aka ɗora min wannan nauyi na in rubuto muku. Mu iyayen yara goma sha tara ne da take gani duk sati, wasu a sukul ɗin suke karatu, wasu kuma daga Aboabo da Sawaba da Moshie Zongo har da Tafo ake kawo mata su ran Asabar. Ba zan kira sunanta ba saboda mahaifiyarta tana raye kuma har yau ba ta iya jin sunan hawaye bai zubo ba, amma kun san wadda nake nufi. Yara ma ba su taɓa kiranta da sunan yanka ba, Madam Magana suke ce mata. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya sa aljanna ce makomarta.

Mun ga zuwanku jana'iza, mun ji kalamai masu daɗi da aka faɗa a kanta, mun ga hotonta da aka sa a firem aka rataye a ofis. Mun gode wallahi. Amma yau wata huɗu kenan da rasuwarta, kuma abin da ya biyo baya shi ya sa muka kasa yin shiru.

Bari in fara da faɗin aikinta, don na lura ko cikin tichas akwai waɗanda suka ɗauka wasa take yi da yara a wancan ƙaramin ɗaki na bayan ajin KG. Ɗana yana da in'ina. Ta fara masa yana ɗan shekara uku da 'yan watanni, in zai ce "Mma" sai bakin ya kulle, jijiyar wuya ta tashi, ya riƙa buga ƙafa a ƙasa kaman mai son ture kalmar da ƙarfi. Ni da babansa mun yi duk abin da ake yi, mun yi rubutu mun yi tofi, mun ce masa ya nutsu, mun ce ya ja numfashi, na sha ƙarasa masa magana don in rage masa wahala, kuma ba zan ɓoye ba na sha daka masa tsawa in ina sauri zan fita kasuwa. Ranar farko da na kai shi wurin Madam ba ta ce masa ya yi magana ba sam. Ta zauna da shi a tabarma suna jera murafen kwalba, ita tana magana a hankali tana barin shiru tsakanin kalmomi, ni ina gefe raina yana ɓaci ina ganin ɓata lokaci ne na rufe shago na zo. Can sai na ji yaron nan ya ce "ba ni ja ɗin" sumul babu ko tuntuɓe. Da za mu tafi ta riƙe hannuna ta ce, Hajiya, aikin naki ne ya fi nashi yawa. Kar ki ƙarasa masa, kar ki ce ya yi a hankali, ke ki yi a hankali, ki kalle shi a ido har ya gama ko da minti ɗaya zai ɗauka, kuma kullum ki ba shi minti biyar nashi shi kaɗai babu waya babu ƙannensa. Ita ta faɗa mana cewa kusan yara biyar cikin ɗari suna yin in'ina a ƙuruciya, yawanci tsakanin shekara biyu zuwa biyar take farawa, mafi yawa tana barinsu, kusan ɗaya cikin ɗari ne take bi har girma, kuma ta fi kama maza. Ta ce ba tsoro ke kawo ta ba, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Ni dai ranar a cikin pragya na yi ta kuka har gida, don shekara uku ina ɗauke da wannan laifi a raina.

In'inar ba ta tafi gaba ɗaya ba, kuma ita Madam ba ta taɓa yi mana alƙawarin za ta tafi ba. Amma yaron da ba ya yarda a aike shi sayen kooko don kar ya tsaya gaban mai kooko ya kasa faɗa, shi ne ya tashi a taron ƙarshen tam ya karanta gaisuwar baƙi a gaban mutane.

To ga abubuwan da suke damunmu.

Na farko ɗakin. Sati biyu bayan jana'iza aka cire tabarmar, aka tura karyayyun bencina da buhunan shinkafar abincin yara a ciki, aka sa kwaɗo. Na leƙa ta taga da idona, madubinta yana jingine a bango bayan buhuna, katinan hotuna da ta yanka daga tsofaffin kalanda ta manna a kwali da kuɗin aljihunta suna zube a ƙasa ɓera ya fara ci. Wani zai ce ai madubi ne kawai. Akwai yarinyar maƙwabciyata da aka haifa da tsagar leɓe da ganɗa, an yi mata aiki a asibitin Gee, wato Komfo Anokye, likitocin sun yi ƙoƙari Allah ya saka musu, leɓe ya haɗu ras, amma magana ta ci gaba da fita ta hanci saboda ɗinki daban koyon magana daban. Madam takan ɗora ƙaramin madubi ƙarƙashin hancin yarinyar ta ce ta ce "baba", in madubin ya yi hazo to iska ta bi ta hanci, in bai yi ba sai su tafa. Yarinya 'yar shekara biyar tana ganin iskarta da idonta, tana gyarawa da kanta. Akwai wani yaron da yake cewa "tofi" maimakon kofi, "tuɗi" maimakon kuɗi, ta sa shi kurkurar ruwa a maƙogwaro har ya gane inda harafin yake fitowa. Wannan aiki ba ya yiwuwa a aji mai yara sittin ana ihu, sai a ɗaki mai shiru mai ƙofa, kuma ɗakin nan ɗaya ne tak a duk sukul ɗin.

Na biyu fayil ɗin yaranmu. Kowane yaro tana da littafinsa, ta rubuta inda ya fara, inda ya kai, wane harafi ya kama wane ya rage, wa aka tura gwajin kunne da abin da gwajin ya nuna. Sau uku muna zuwa tambaya, yau a ce makulli yana wurin wane, gobe a ce sai an sami izini daga sama. Wata uwa ta kai ɗanta asibiti aka tambaye ta me aka yi masa a baya, ba ta da abin nunawa, aka koma da shi farko kaman shekara biyun nan ba a yi su ba. Kuma akwai sirrin gidajen mutane a cikin littattafan nan, bai kamata su zauna a sito inda kowa ke shiga ɗaukar shinkafa ba.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mana rai, ba a kawo kowa a madadinta ba, ba a ma ce za a kawo ba. Da muka matsa sai aka ce mana wai a takarda ita ticha ce kawai kamar sauran, an riga an turo wani ticha ya cike gurbin, maganar gyaran magana kuma ba ta cikin lissafi, kowa ya kai ɗansa asibiti. Ranku ya daɗe, matar nan ta je ta ƙaro karatu a kan wannan fanni, ta dawo ta yi shekaru tana aikin a ƙarƙashin rufinku, baƙi in sun zo ɗakinta ake fara kai su a nuna, sai bayan ta kwanta dama ne za a ce aikin ba ya cikin lissafi? Kuma "ku je asibiti" da sauƙin faɗa. Gyaran magana ba allura ba ce da za a yi sau ɗaya a huta, zuwa ne sati bayan sati wata da watanni. Uwa mai sayar da waakye in ta bar tukunya ta shiga trotro da yaro ta je ta bi layi, ranar nan babu ciniki babu cefane, shi kuma yaron ya rasa karatun yini guda. Mutum nawa ne za su jure wannan har wata shida? Cikin mu goma sha tara, huɗu ne suka gwada, ɗaya ce kawai take zuwa har yanzu.

Ga kuma maganar harshe wadda ba na jin an taɓa kawo muku ita. Yaron Zongo da Hausa yake tashi a gida, ya fita waje ya ji Twi, ya je sukul a yi masa Turanci, da yamma ya tafi makaranta ya yi Larabci, wani ma a gidansu ana Dagbani ko Mosanci ko Zabarmanci a kai. Madam tana jin Hausa da Twi da Turanci, da Hausa take aiki da ƙananan, da Hausa take yi wa kakanni bayani. In ka zaunar da ɗan shekara huɗu wanda dama maganar tana yi masa nauyi, ka nuna masa hoto ka ce ya faɗa da Turanci, shiru zai yi, sai a rubuta cewa ba ya magana alhali a gida yana faɗin "akuya" da "buta". Kuma ita ce ta hana iyaye da yawa daina yi wa 'ya'yansu Hausa, don akwai masu ba da shawarar wai harsuna ne suka yi wa yaro yawa shi ya sa ya makara. Ta ce sam, jin harshe biyu ko uku ba ya jawo jinkirin magana, uwa ta yi wa ɗanta harshen da ta fi iyawa, ta yi da yawa.

Na huɗu, bulala da dariya sun dawo. Lokacin da take raye takan shiga aji aji ta roƙi tichas kada su tsayar da mai in'ina a gaban allo ba shiri, kada a bari yara su kwaikwaye shi. Tichas sun canza, sababbi ba su ji wannan ba. Watan jiya ɗana ya dawo da shatar bulala a hannu, an ce ya karanta ya tsaya a kalma ɗaya aka ce taurin kai ne. Tun ranar ya koma bencin baya, ko fitsari yake ji ba ya ɗaga hannu. Wani yaro babba da yake shirin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, ya daina zuwa kwata kwata, yanzu yana bin masu aboboyaa yana ɗaukar kaya, uwarsa tana cikin waɗanda suka sa hannu a wannan takarda.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangare shi ne duba kunne. Duk farkon shekara takan bi 'yan KG ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a bayansu ta kira, ta tambayi iyaye ko kunne yana zubar da ruwa, ko yaro ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau ko ƙyanda, don duk waɗannan suna iya taɓa ji. Wanda ta yi shakka sai ta rubuta takarda a kai shi gwaji. A haka aka gano yara biyu da ake ta duka a gida wai ba sa jin magana, ashe da gaske ba sa ji ne. Bana babu wanda ya duba kowa.

Iyayenmu limamai da malaman makaranta, ku yi min afuwa in juyo gare ku kaɗan, don ba hukuma kaɗai ke da kaso a nan ba. Mai in'ina sau da yawa in ana karatu tare cikin jama'a ko ana rerawa bakinsa sakewa yake, sai an ce ya biya shi kaɗai ya kulle. Malami in bai san haka ba sai ya ce ai ɗazu ka karanta lafiya, yanzu iskanci ne, sai dorina. Madam ta taka da ƙafarta ta je makarantar su ɗana ta durƙusa ta yi wa malam wannan bayani, shi kuma Allah ya saka masa bai yi girman kai ba, shi ne ma ya tuna mana addu'ar Annabi Musa alaihissalam a Suratu Ɗaha aya ta 27 da 28, inda ya roƙi Allah ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Daga ranar ya koma sauraron haddar yaron a gefe su biyu. Malamai nawa ne a Zongunan Kumasi ba su taɓa jin wannan ba? Mu ma iyaye, yaro ya kai shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu sai kaka ta ce ƙyale shi ubansa ma haka ya yi, ko a kira wanzami a yanke linzami ko a cire beli, jini ya zuba magana ba ta zo ba, ashe matsalar a kunne take. Ita kaɗai ce take bin gida gida tana faɗin wannan cikin ladabi, yanzu babu ita.

Ba alfarma muke roƙo ba, ranku ya daɗe. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowane yaro dama daidai a ilimi. Dokar nakasassu ta 2006, Act 715, tana nan. Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2012, kuma a 2015 aka fito da manufar ilimi na bai ɗaya wadda ta ce yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da sauran a ba su taimakon da suke buƙata, a kuma gano matsalarsu da wuri. Abin da Madam take yi a wancan ɗaki shi ne wannan manufa a aikace. Mun san masu wannan sana'a ba su da yawa a ƙasar nan, ba mu ce laifinku ba ne. Amma Jami'ar Ghana ta fara horar da su a matakin digiri na biyu tun 2016, jami'ar kiwon lafiya da ke Ho ma tana koyar da fannin magana da ji, Winneba kuma ta daɗe tana yaye malaman ilimi na musamman. Ana samunsu in an nema.

Saboda haka ga roƙonmu.

A fitar da bencina da shinkafa daga ɗakin kafin ƙarshen wannan wata, a mayar da shi yadda yake. In kuɗin fenti ne ko tabarma mu iyaye mun riga mun fara haɗa taro da sisi, kar wannan ya zama dalili.

A buɗe akwatin fayil a gaban hedimasta da wakilan iyaye biyu, a ba kowace uwa kwafin na ɗanta, asalin kuma a kulle shi inda ya dace.

Darakta, muna roƙo ofishinku ya rubuta a hukumance ya nemi a turo mai gyaran magana, a kuma rubuta gurbin da sunan aikinsa don kada gobe a sake cewa ba ya cikin lissafi. In sukul ɗaya ba zai samu nashi ba, a haɗa sukul huɗu ko biyar na kusa mutum ɗaya ya riƙa zagayawa, ko kwana ɗaya a sati muka samu ya fi babu. In ma ɗan sabis ne, wato mai hidimar ƙasa, da ya karanci fannin a turo shi, muddin akwai babba da zai riƙa duba aikinsa. Kuma a yi ƙoƙari ya zama mai jin Hausa, in ba a samu ba akwai 'yan matanmu da suka gama sakandare suna zaune a gida, a ɗauki ɗaya ta zauna tare da shi tana fassara tana koyo.

Kafin wannan ya samu, a ware yini ɗaya a wannan tam a kira masani ya zaunar da tichas duka, a gayyato malaman makaranta su ma, a faɗa musu abin da ake yi da abin da ba a yi wa yaro mai in'ina ko mai ƙarancin ji. Hedimasta kuma ya sanar a fili cewa ba a dukan yaro saboda bakinsa ya kulle. A dawo da duba kunnen 'yan KG.

Asambiliman, akwai kason da ake ware wa nakasassu daga Common Fund, asusun da gwamnati ke raba wa gundumomi. Yaranmu biyu an rubuta musu na'urar ji ta kunne, katin inshorar lafiya na NHIS ba ya biyan kuɗinta, iyayensu ba su da hali. Ka riƙe hannunsu ka nuna musu ƙofar da ake bi da fom ɗin da ake cikewa, don su ba su sani ba.

Iyayenmu sarakuna, an kafa Asusun Raya Zongo da doka tun 2017, kuma akwai masu hali a cikinmu da suke biya wa mutane Hajji duk shekara Allah ya karɓa. Ku yi mana jagora a ɗauki nauyin ko yara biyu 'yan Zongo masu jin Hausa da Twi su je su karanto wannan fanni da sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Madam ta sha faɗin wannan buri, takan ce ita ɗaya ce kuma ba ta san ranarta ba. Limamai kuma ku ba mu minti biyar a huɗubar Juma'a ɗaya, a ce wa iyaye in yaro ya makara da magana a kai shi a duba kunnensa tukuna.

Yarinyar maƙwabciyata har yanzu duk ran Asabar da safe sai ta ɗauko takalminta ta tsaya a bakin ƙofa, uwarta ta rasa me za ta ce mata. Ɗana kuma shekaranjiya ya tambaye ni, ya ɗauki lokaci kafin ta fita amma na jira shi har ya gama kamar yadda aka koya min, ya ce Mma madubin Madam yana nan?

Ran Litinin mai zuwa in Allah ya kai mu, da ƙarfe tara na safe, mu biyar za mu zo ofishin hedimasta da kwafin wannan takarda mai sa hannun iyaye duka, daga nan mu wuce ofishin Darakta. Za mu taho da tsintsiya da bokiti, in an ba mu makulli a ranar za mu share ɗakin.

Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
uwa ɗaya, a madadin iyayen yara goma sha tara na ɗakin Madam.